Motar rimot ɗin ƙanenka ba ta mutu ba, mazaunin ƙarfen taya ne ya ci

Sati biyu bayan Sallah, zaga lungunan Mashi ka duba bola. Za ka ga motocin rimot da aka saya wa yara da kuɗin barka da Sallah, jikinsu fes, fitilarsu ma tana kamawa in ka sa batir. Ka tambayi mai ita, amsar ɗaya ce: "Ta lalace." Ni kuwa cikin waɗanda na buɗe, mafi yawa lafiyarsu ƙalau in ban da wani ɗan ramin roba da bai kai ƙwayar wake ba. Ra'ayina shi ne, jefar da su asara ce sau biyu: an yi asarar kuɗi, an kuma hana yaro darasin da ya fi motar daraja.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin motar akwai siririn ƙarfe da ya ratsa tayoyin baya, wanda makanikai ke kira aksul. A ƙananan motoci kaurinsa yawanci milimita 2 ne. Yana juyawa ne cikin ramuka biyu na roba a jikin motar, kuma a tsakiyarsa akwai giya mai haƙora da ke cizon wata ƙaramar giya a bakin injin. An ƙera waɗannan motoci don daɓen tayil. Da yawansu daga Chenghai suke fitowa, wani yanki na birnin Shantou a kudancin Sin da ya shahara da ƙera kayan wasa. Mu kuma a tsakar gida muke tuƙa su, kan rairayi. Yashi ya shiga ramin, ƙarfe yana juyawa, sai ya zama kamar an sa sanfefa. Ramin da yake zagayayye ya koma kamar ƙwai, ƙarfen ya fara rawa, giyoyin biyu su ja da baya da juna. Daga nan sai ka ji injin yana kuka ƙirrr, mota na tsaye cik.

A nan ake yin kuskure. Baba ya sayo sabon batir, ba ta tafi ba. Yaya ya ce rimot ne. A ƙarshe wani ya ɗauko sufa gulu ya tsiyaya a wurin, ya manne ƙarfen da jikin motar har abada. Wannan ta ƙarshen ita ce ke ba ni haushi, domin ni ma na taɓa yi.

Aikina rubuta manhaja ne, kuma a waya na koya, ba a jami'a ba. Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne kada ka taɓa komai sai ka gano inda cutar take. Ɗaga motar sama ka danna rimot. In injin ya yi kuka, to batir da rimot da allon lantarki sun fita daga zargi. Sai ka kama taya ka girgiza ta sama da ƙasa. In tana kaɗawa kamar haƙorin da zai fita, ka kama ɓarawon. In kuma ƙarfen yana juyawa amma taya ba ta binsa, to cibiyar tayar ce ta tsage. Wannan mai sauƙi ne: naɗe ta da zaren ɗinki tamau, ka ɗiga gulu kan zaren, ka mayar.

Ramin da ya ci ba a cike shi, sabon mazauni ake yi masa, abin da masu gyaran babur ke kira bushin. Nemi bututun tawada na tsohon biro, ko tsinken alawa mai rami a ciki, ka gwada har ka sami wanda ƙarfen ke juyawa a cikinsa ba matsi ba rawa. Yanko ɗan guntu, ka faɗaɗa tsohon ramin kaɗan, ka zura. Kafin ka sa gam, mayar da ƙarfen ka tabbata giyoyin sun ciji juna kuma taya na juyawa da yatsa. Sannan ka manne bututun ta waje kawai, da gam mai haɗi biyu irin su Araldite, ko sufa gulu da aka barbaɗa wa bekin soda, wanda ke daskarewa nan take kamar dutse. Yana yin zafi lokacin daskarewa, don haka babba ne zai yi wannan, ba yaro ba. In ƙarfen kansa ya lanƙwashe, je wurin mai gyaran keke ka roƙi tsohuwar wayar ƙafar keke guda ɗaya. Kaurinta kusan ɗaya ne. Kuma don Allah kada a zuba baƙin mai. Mai yana tara yashi. Goga bakin fensir a jikin ƙarfen ya wadatar.

Na san abin da wani zai ce: motar nawa take da za a ɓata mata yini? Akwai gaskiya a ciki. Wasu motocin an narke bakinsu an haɗe, ba noti ko ɗaya, ba sa buɗuwa sai an fasa. Waɗannan ba na kare su, cewa nake kada a saye su tun farko. In ka tsaya gaban mai kayan wasa ranar kasuwa, ko a Katsina ko Daura, juya motar ka duba cikinta. In ka ga kan noti huɗu ko shida, za ta gyaru. A Faransa a shekarar 2021 doka ta tilasta a liƙa wa wayoyi da kwamfutoci maki daga 0 zuwa 10 da ke nuna sauƙin gyaransu. Mu ba mu da wannan, sai idonmu.

Abin da ya fi damuna dai shi ne mu ne fa muka tashi muna ƙera mota da kara da gwangwani, muna yanka tsohon silifas mu yi taya. Yaron da ya yi wannan ya san cewa in ramin aksul ya yi faɗi mota za ta riƙa tafiya a karkace, ba wanda ya karanta masa. Ƙannenmu sun sami motar da ta fi tamu sau ɗari, amma an rufe musu cikinta, mu kuma yayyensu muna gefe muna latsa waya. Wayar nan tana da fitila da kyamara. Ɗauki hoton kowane mataki kafin ka cire wani abu, don ka san yadda za ka mayar.

Motar ɗan yayata ja ce, ta yi kwana tara kafin ta tsaya. Mun buɗe ta bayan la'asar, shi ke riƙe da sukundireba, ni ina haska masa. Noti ɗaya ya faɗa cikin yashi, ba mu gan shi ba har yau, sai muka ɗaure gefen da roba. Yanzu bututun biro ne ke riƙe da tayoyinta na baya, kuma ya riga ya kawo mini ta abokinsa, wadda tata matsalar a gaba take, wurin sitiyari.