Arziƙin ƙasa da kwanciyar hankalin talaka

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, shekaru da dama masana tattalin arziki suna auna ci gaban ƙasa da yawan dukiyar da take samarwa kawai. Yau sun ƙara wani ma'auni: suna tambayar mutane kai tsaye ko suna jin daɗin rayuwarsu.

Ga yadda ake yi. Ana ce wa mutum ya ɗauka akwai tsani mai matakai daga 0 zuwa 10. Mataki na 10 shi ne rayuwa mafi kyau, 0 kuma mafi muni. Sai a ce: kai a ina kake? Kamfanin Gallup yana yin wannan tambaya a ƙasashe fiye da 140, har da Nijar. Da amsoshin ake haɗa rahoton farin ciki na duniya, wanda ya fara fitowa a 2012. Daga 2018 zuwa 2025 ƙasar Finlan ce ta zo ta ɗaya kowace shekara.

To, kuɗi ne ke kawo farin ciki? A 1974 wani masani na Amurka, Richard Easterlin, ya nuna cewa a cikin ƙasa guda mai hali ya fi talaka jin daɗi, amma idan dukiyar ƙasa ta yi ta ƙaruwa, ba dole ne jin daɗin jama'a ya ƙaru daidai da ita ba, don mutum da maƙwabcinsa yake gwada kansa. Kada wani ya fake da wannan ya ce mana talauci ba komai ba ne. Binciken ya tabbatar jaka goma ta fi canza rayuwar mai tallar ƙosai bisa ta babban alhaji. Duk wanda ya ga faɗuwar darajar sefa a 1994, ko rufe iyaka da Najeriya a 2023, ya san haka.

Bayan kuɗi, masanan sun lissafa abu biyar: lafiya, samun wanda zai agaza maka ranar wahala, ƴancin zaɓen abin da za ka yi da rayuwarka, kyauta, da ƙarancin cin hanci. Rahoton 2025 ya ƙara da cewa inda mutane suka yarda za a mayar musu da jakar kuɗinsu idan ta ɓace, can aka fi jin daɗi. Wannan ita ce amana, kuma da ita kasuwa ke ci: bashi ba takarda, ajiya a wurin maƙwabcin rumfa, da asusun Mata Masu Dubara da aka soma a jihar Maraɗi a 1991.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Magabata su daina yi mana lissafin biliyoyi kawai. Su duba kuɗin magani, farashin hatsi, da abin da ake karɓa a hanya ba rasit. Mu kuma mu cika mudu, mu biya bashi, mu zuba adashi kan lokaci. Amanar da ta ɓace a kasuwa, ba gwamnatin da za ta sayo mana ita.