Wai Kowa Ya Tafi Garinsu Ya Yi Zaɓe

Akwai wata magana da ke yawo a Kafanchan da Zonkwa da Kachiya duk lokacin da zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha ya ƙarato, wadda saboda yawan maimaita ta a tasha da bakin kasuwa har ta ɗauki kamannin hukuncin da malamai suka yi ijma'i a kansa, alhali kuwa ba ta da asali a doka, ba ta da madogara a hankali: wai kowa ya tafi garinsu ya yi zaɓe. Masu faɗinta sukan ɗaure mata gindi da karin maganar nan ta baƙo raɓa, ɗan gari kaba, suna nufin wanda kakansa bai sari dajin wuri ba, ko da a nan aka binne cibiyarsa, ba shi da ta cewa a kan wanda zai wakilci wurin. Ni kuwa ina ganin ra'ayin ɓatacce ne tun daga tushe, kuma masu riƙe da shi su ne farkon waɗanda yake cutarwa.

Mu fara da nassi, domin shi ke yanke jayayya. Tsarin Mulki na 1999 ya ba duk ɗan Nijeriya da ya cika shekara 18 haƙƙin yin rajista, sannan Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta yi bayani filla-filla cewa mutum yana rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda asalinsa yake. Ƙofofi uku ke nan, asali kuwa ɗaya ne kawai daga cikinsu. Malamin rajista na INEC zai ɗauki hotonka da zanen yatsunka, ya tambayi adireshinka da ranar haihuwarka, amma takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake wahalar nema domin gurbin karatu ko aikin gwamnati, ba ta cikin sharuɗɗan. Fiƙihu ma ya riga doka zuwa nan, domin a mazhabar Malikiyya matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya fita daga hukuncin tafiya, ya zama mazauni, wajibi ne ya cika sallarsa. To, ina hujjar kiran mutum matafiyi bayan ya shekara arba'in yana biyan haraji a gari, ya aurar da 'ya'yansa a nan, ya binne iyayensa a maƙabartar nan?

Abin ya fi ban mamaki idan aka ji shi a Kafanchan. Ƙasar Fantswam ce tun da daɗewa, amma birnin da muka sani jirgin ƙasa ne ya haife shi, tun da aka haɗa layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a nan cikin shekarun 1920, Ibo da Yarabawa da Hausawa da Bajju da Kaninkon da Kagoro suka taru a kan aikin reluwe da cinikin da ya biyo bayansa, fadar Sarkin Jama'a ita ma ta taso ta dawo nan. Jikokin waɗannan mutane ba su san wani gari ba. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu, ba su tambaye shi inda kakansa ya yi noma ba.

Ba zan yi wa masu wannan ra'ayi rashin adalci ba, domin tsoronsu yana da tarihi. Ƙabilun kudancin Kaduna sun daɗe a ƙarƙashin mulkin En'e da hakiman da ba su suka zaɓa ba, kuma ɗacin wannan zamani yana cikin rikicin da ya fashe a Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992. Wanda aka daɗe ana yanke hukunci a kansa ba da shawararsa ba, ba abin zargi ba ne idan ya ji tsoron a rinjaye shi da yawa a kan ƙasarsa. Sai dai maganin da aka kawo ya fi cutar muni, saboda ƙa'ida ba ta da ƙabila: in ta kori Bahaushen Kafanchan daga layin zaɓe, ita ce za ta kori malamar asibiti 'yar Atyap da ke Samaru ta Zariya, da ɗan Jaba mai shago a Sabon Garin Kano, da dubban 'ya'yan kudu da suka gina gidajensu a cikin Kaduna. Yankin da 'ya'yansa suka watsu ko'ina saboda ilmi da aikin soja da na gwamnati shi ne ƙarshen wanda ya kamata ya so a ɗaure ƙuri'a da ƙauyen kaka.

Sai kuma lissafi, wanda ba ya jin kunyar kowa. A zaɓen gwamna jihar baki ɗaya mazaɓa guda ce, ƙuri'ar Kagoro da ta Ikara nauyinsu ɗaya, kuma ba a zama gwamna sai an sami rinjaye tare da rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi 23. Ranar 18 ga Maris 2023 Uba Sani ya sami 730,002, Isa Ashiru ya sami 719,196, tazarar 10,806 ke nan, a jihar da ke da masu rajista fiye da miliyan huɗu da dubu ɗari uku, waɗanda kusan biyu bisa ukunsu ba su fito ba. Ban ce maganar komawa gida ce kaɗai ta zaunar da su ba, amma tana da kasonta. Mai gyaran babur da katinsa ke ƙauye mai nisan tafiyar yini, ga an hana zirga-zirgar motoci ranar zaɓe, ga kuɗin mota ya ninka, ko dai ya haƙura, ko ya shiga motar da ɗan takara ya ɗauko haya. Wanda kuwa aka kai shi akwati a motar wani, da wuya ya dangwala wa wani daban.

Akwai kuma masu tafiya ba domin zaɓe ba. Wanda ya tsaya a tasha kwana biyu kafin ranar zai ga katifu a ɗaure bisa rufin mota, tukwane cikin buhu, uwa da goyo tana ƙirga yara, katin zaɓenta kuwa na rumfar makarantar firamaren unguwarsu ne, ta bar shi a ƙasan akwati. Waɗannan suna tuna rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 a cikinsa a Arewa, fiye da 500 daga ciki a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da kewaye, aka ƙone kasuwar Kafanchan, aka ƙone majami'u a Zariya, wasu suka shekara da shekaru a sansanin alhazai na Mando. Duk wanda ya ce wa maƙwabcinsa ya tafi garinsu, ko da cikin raha ne, wannan miki yake famawa, kuma yana yi wa masu fitina aikinsu kyauta.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta buɗe hanyar sauya wurin zaɓe, matuƙar an nema kwana 90 kafin ranar, amma da yawa daga waɗanda hare-hare suka tayar daga ƙauyukan Kaura da Zangon Kataf da Kauru, suka raɓe a gidajen 'yan'uwa cikin gari, ba su san da ita ba, wasu ma katin ya ƙone tare da ɗaki. Al'ummomi 29 da suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a 2016 suna da sarakuna da limamai da fastoci waɗanda ake jin maganarsu. Abin da nake nema a gare su shi ne su faɗa daga mumbari da bagade, tun rajista tana buɗe, cewa kowa ya mai da katinsa unguwar da yake kwana, su kuma tura matasa su raka tsofaffi da 'yan gudun hijira ofishin INEC na ƙaramar hukuma kafin wa'adin ya cika.