Kafin Ka Zuba Miliyoyi a Kan Lasifika

Kiɗan gitar Abzinawa ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Mu da muke kan iyaka, tsakanin Kongolam da Mai'aduwa da Zango, mun saba jin sa a wayoyin direbobi da masu shayi tun kafin da yawanmu su san cewa Turawa suna kiransa rok na hamada. Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012, Bombino na Agadez ya kai ga takararta, shi kuwa Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Wanda ya girma da wannan kiɗa, ya kuma ɗanɗana Jimi Hendrix, da zarar albashi ya kankama sai ya so jin sa a falonsa da ƙarfi. Ba na ganin laifinsa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke zaɓen kayan.

Wani abokina ya sayo manyan lasifika daga Kano, an rubuta wat dubu biyar a jikin kwalinsu. Da ya murɗa, tagogi suka ɗauki rawa, gitar ta koma kamar ana goga kwano da cokali. Kafin minti ashirin kaina ya fara sarawa, maƙwabcinsa kuma ya aiko yaro. Lambar da ya biya wa kuɗi, wadda ake rubuta PMPO a gefenta, ado ce ta talla. Wadda ake iya dogara da ita ita ce RMS, kuma ko ita ba ta faɗa maka yadda sautin zai fito.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya, aka auna daga nisan mita ɗaya. Da desibel ake lissafinta. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar a ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Ke nan lasifika mai desibel 98 za ta yi da wat 10 abin da mai desibel 86 sai da wat 160 za ta yi. A garin da wutar KEDCO ba ta da tabbas, gidaje da yawa kuma suka koma sola da batir, wannan lissafi ne na aljihu. Amfilifayar da aka matsa wa fiye da ƙarfinta ita ce ke yayyaga sauti, har ta ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn amo.

Shi ya sa masu son rok suka daɗe suna komawa ga iri biyu. Klipsch, kamfanin da aka kafa a Amurka a 1946, yana ƙera masu bakin ƙaho. Heresy ɗinsa na yanzu desibel 99 ne a faɗar kamfanin, ko da yake masu auna kaya da kansu sukan samu ƙasa da haka. JBL L100, wadda ta yi tashe a shekarun 1970, tana da faifan inci 12 da ke fitar da dukan ganga da nauyinsa. Kowace da aibinta: wasu kunnuwan suna jin ƙaho da kaifi. Kada ka biya sai ka saurara da waƙar da ka sani ciki da waje, na tsawon rabin awa aƙalla.

Sai ɗakin kansa. Falon zamani na tayil da siminti da gilashi yana mayar da amo ta kowane ɓangare. Darduma mai kauri, labule mai nauyi, da ɗan janye lasifika daga bango suna gyara abin da ƙarin miliyan ba zai gyara ba.

Wani zai ce rok in babu ƙara ai lami ne. Gaskiya ne, amma kunne yana da iyaka. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu; a desibel 100 minti 15 ne kacal. Ƙwayoyin ji da suka mutu a cikin kunne ba sa sake tsirowa. Amo mai kauri kuma yana ratsa katanga, ga tsakar gidanmu a buɗe, ga masallaci a kowace unguwa, ga tsoho da jariri a gidan da ke jikin naka.

Amfanin lasifika mai kyau shi ne ta ba ka cikar kiɗa tun ba ka kai ta ƙarshe ba. Sau da yawa muna murɗawa ne don muna neman abin da kayan suka kasa fitarwa. Ka sayi wadda za ta bari ka ji yatsun Mdou Moctar a kan tsirkiya, ka kuma ji sallamar baƙo a ƙofar gida.