Aiki daga gida: ofishin ya dawo ɗakinmu, amma wa ke biyan kuɗin wuta?

Ƴan uwa matasa, kwanakin nan kowace fada ka zauna sai ka ji ana maganar aiki ta intanet, kamar shi ne zai share hawayen duk mai diplom. Ni ina cikin masu goyon bayansa, kuma ina da dalili.

Duk wanda ya gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, ya san inda hanya ke ɓullewa: Yamai. Can ma'aikatu suke, can manyan ƙungiyoyi suke. Daga Damagaram kusan kilomita 900 ne. Ka je ka raɓe gidan wani kawu, ka yi ta yawo da takardu, in an dace ka samu aiki, haya da kuɗin taksi su cinye rabin albashin. Wanda ke fassara ko lissafin kuɗi ko zanen talla daga ɗakinsa a Tasawa ya tsallake wannan duka. Kuɗinsa a kasuwar garinsu za ya kashe su, tsohuwarsa na ganinsa kullum. Ga ƴan uwanmu mata da aure ko iyaye suka hana tafiya nesa, wannan ƙofa ce babba, ko da yake mai aiki a ɗaki, a wajen mutanen gida zaune kawai take, ko tana tsakiyar taro sai an aike ta.

To amma a duba wanda nauyi ya koma kansa. A ofis, mai aikin ne ke biyan wuta da intanet da kujera. A gida kai ne. Kwamfuta taka, forfe na Airtel ko Moov ko Zamani daga aljihunka. Wuta kuwa, ba mu manta da watan Ogustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinmu. Ko ba takunkumi, kowa ya san yadda ake ɗauke wuta a watan Afrilu da Mayu. Wanda ya ba ka aiki daga Faransa ko Kanada bai san wannan zance ba, ƙarfe biyar ya ce, ƙarfe biyar yake jira. Sai ka sayi faranti na sola da batir tun ba ka ga dala ba. Starlink ya shigo a 2025, gaskiya ne, amma ɗan talaka nawa ne za ya iya sayen na'urar? Ke nan wanda gidansu ke da hali shi ne ke fara shiga, kamar kullum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haƙƙi. Yawancin irin wannan aiki babu kwantaragi, babu rajista a CNSS, babu hutun haihuwa, babu fansho. Mafi ƙarancin albashi na jika 42 da aka tsayar bai shafi wanda ake biya da guntu-guntu ba. In aka hana ka kuɗinka, ofishin sufeton ƙwadago na Maraɗi ba shi da iko a kan kamfanin da ke wata nahiya. Kuma ku ɗari kuna yi wa mutum guda aiki ba ku san juna ba, ina za ku haɗu ku kafa sandika? Ni ma wani kamfani ya taɓa riƙe mini kuɗin fassara wata uku, ba wanda zan kai wa ƙara sai akwatin saƙon da ba ya amsawa.

Dokar ƙwadagonmu ta 2012 ce, lokacin da wannan sana'a ba ta yaɗu ba. A sake duba ta, a rubuta ƙarara cewa kamfani ko ƙungiyar da ke cikin Nijar, in ta sa ma'aikaci aiki daga gida, ita ke biyan intanet da kayan aiki. CNSS ta sauƙaƙa wa mai zaman kansa hanyar zuba kuɗi ta waya. Su kuma magadan gari, ga gidajen matasa da al'adu nan a manyan garuruwanmu. Ɗaki guda, sola, tebur ashirin da intanet mai ƙarfi, a riƙa biyan kuɗi kaɗan a wuni. Wannan bai fi ƙarfin kasafin birnin Tawa ba.