Majalisa ce Ko 'Yan Amshin Shata?

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa! Wakilai 40 gare mu a Majalisar Dokokin Kano, kuma sashe na 128 na tsarin mulkin 1999 ya ba su ikon binciken gwamnati. A 2019 cikin 'yan kwanaki suka kafa sababbin masarautu huɗu, a 2024 cikin 'yan kwanaki suka rushe su. Ashe in manya na so, akwai sauri! To ina saurin nan ga dagwalon majema da ke kwarara kogin Challawa, da masana'antun Sharada da Bompai da rashin lantarki ya durƙusar? Muna so a kirawo kwamishinoni gaban majalisa, ƙofa a buɗe, su amsa. Wakilin da ya ƙi, mu haɗu ranar ƙuri'a. Sawaba!