Zauren Malam: Firjin Da Ke Jan Mutum

A zangunanmu, daga Nima har Aboabo, da wuya ka shiga gidan haya ba ka tarar da firjin da uwargida ke daskarar da ƙanƙara ko sobolo na sayarwa ba. Sana'a ce mai albarka, da ita ake biya wa yara da yawa kuɗin makaranta. To amma akwai maganar da nake yawan ji: "Firjina yana ɗan ja, amma in ka sa silifa ba ka ji." 'Yan'uwa, firjin da ke ja ba shi da lafiya, kuma silifa ba ta warkar da shi.

Ga yadda abin yake. Wutar gida a Ghana bolt 230 ce, fuloginmu kuwa ƙafa uku gare shi. Biyu na kai wuta da komo da ita. Ta ukun, wadda ta fi tsawo, ita ce ta ƙasa, kuma a haɗe take da ƙarfen jikin firjin. Idan waya ta goge a ciki ta taɓa ƙarfen, sai wutar ta bi ta nan ta sauka, fis ya ƙone, a huta. Idan babu ita, wutar na nan tana jiran hanya, kuma hanyar na iya zama yaron da ya fito wanka ba takalmi ya zo ɗaukar ruwa.

Tun 2013 aka fara aiki da dokar hana shigo da firjin gwanjo, amma har yau suna nan a gidaje. Waɗanda suka fito daga Jamus ko Holan fulogi mai ƙafa biyu gare su, wayar ƙasarsu tana gefen fulogin, inda ba ta taɓa komai a soket ɗinmu. Sai ka ga an zura tsinken ashana a ramin sama an danna fulogin da ƙarfi. Firji ya tashi, an yi murna, alhali ba kariya ko kaɗan. A canza shi da mai ƙafa uku: waya mai kore da ɗorawa a ƙafar sama, ruwan ƙasa a wajen fis, shuɗiya a ɗayar. Sannan mai gyaran wuta da ke da takardar Hukumar Makamashi ya auna soket ɗin, don a tsofaffin gidaje akan sami ramin ƙasan ba waya a bayansa. Wannan kam haƙƙin mai gida ne, 'yan haya su tuna masa.

Firji ya samu soket nasa shi kaɗai, kada a tara shi da dutsen guga da hita a ƙaramin ekstenshin. In an ɗauke wuta a kashe shi, in ta dawo a jira kamar minti 5.

Iyayenmu mata kuma, don Allah a daina ɓanɓare ƙanƙara da wuƙa. Galibin sababbin firji iskar R600a ce a bututunsu, kuma tana kamawa da wuta. A cire fulogi, a bar ƙofa buɗe, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, ƙanƙarar za ta saki da kanta.