Tsohon jirgi, daga gasar Fastnet zuwa Gulbin Rima

A watan Agustan 1979 guguwa ta afka wa gasar jiragen ruwa ta Fastnet, tsakanin Ingila da Ayilan, ta hallaka matuƙa 15. A rukunin ƙananan jirage guda ɗaya tak ya kai ƙarshe, wato Assent, samfurin Contessa 32, wanda tsawonsa bai cika mita 10 ba. Har gobe ana rububin tsofaffin irinsa a Turai da Amurka, tare da Pearson Triton na 1959 da Alberg 30. Dukkansu iska ke tura su, kuma wasu ba su kai kuɗin sabuwar mota ba.

Mu a nan mun ce araha ba ta ado, to me ya sa su suke ado da ita? Maƙeran shekarun 1960 da 1970 sun zuba faiba mai kauri a gangar jirgin, ita kuwa ba ta ruɓewa kamar katako. Kayan cikinsa kaɗan ne, mai shi kan gyara da hannunsa. Shekaru hamsin na amfani sun tona duk wani aibi, an san inda kowane samfuri ke yoyo. Amma ginshiƙin cinikin shi ne bincike. Kafin a biya kuɗi akan ɗaga jirgin daga ruwa, ƙwararre ya bi shi da guduma yana sauraren amo, ya auna damshi, ya rubuta rahoto. Sau da yawa kamfanin inshora ba ya karɓar tsohon jirgi sai da wannan takarda.

A Goronyo, inda madatsar da aka kammala a 1984 ta tare Gulbin Rima, ba a shiga jirgi don nishaɗi. Kwalekwalen katako ne ke kai manomi da albasarsa kasuwa, musamman da damina. Ranar 17 ga Agustan 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Bayan irin wannan rashi akan ji kiran a haramta jiragen katako, a kawo na faiba.

Kiran ya yi gaggawa. Jirgin faiba ma yana nutsewa idan aka lafta masa kaya fiye da kima, kuma matuƙin ƙauye ba shi da kuɗinsa. Abin da ya fi dacewa a ara daga masu Contessa shi ne al'adar dubawa. Kafin ruwa ya kawo kowace shekara, a fito da kowane jirgin haya kan tudu, sarkin ruwa da maƙerin jirgi su ƙwanƙwasa katakonsa a gaban jami'in hukumar NIWA, a rubuta adadin fasinja da fenti a jikinsa, a ƙirga rigunan ceto. Wanda katakonsa ya ruɓe ya zauna a tudu har sai an sauya masa.